Mai Tambaya da Ƙaddara a Bakin Bakolori

A shekarar ƙarshe ta digirin farko, kowane ɗalibin ilimin zamantakewa sai ya kawo batun da zai bincika, ya rubuta kundi mai babi biyar, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Shekara uku kana zaune a aji ana karanta maka Durkheim da Weber da Marx, kana haddacewa, kana mayarwa ranar jarrabawa. Sai a wayi gari a ce to, fita ka nemo naka. Malamin da ke duba aikin zai gyara maka take, ya bi babi na ɗaya da na biyu da jan biro, amma ba zai bi ka ƙauye ba. Wanda ka zauna da shi, da abin da ya faɗa maka, da abin da ka rubuta bayan ka tashi, duk tsakaninka ne da Allah.

Ni ɗan Damaga ne, a ƙasar Maradun, don haka ban sha wahalar neman batu ba. Duk wanda ya tashi tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura, da Bakolori ya tashi: shinkafar da yake ci, da dankalin da ake lodawa a manyan motoci, da kifin da ake soyawa a tasha, da kuma wani labari da manya ke sassauta murya idan za su taɓo shi. An fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin, aka gama a 1978. Tafkin da ke bayanta ya mamaye kusan hekta 8,000. Ruwa ya ci gonaki da gidaje a ɓangaren Maradun, aka tayar da dubban mutane. A ƙasan madatsar kuma katafila ta bi gonaki tana baje su don a ja kanal, ta tuge ɗorawa da kuka da tsamiya, manoma suka ga damina ta zo ta wuce ba su shuka ba, suna jiran diyya. Da jira ya ishe su sai suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta a Birnin Tudu da kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu 20 ne da 'yan kai. Waɗanda suka bi sawun lamarin daga baya suka ce sun haura 380.

Abin da na so in bincika ƙarami ne a cikin wannan babban al'amari: yadda sake raba filaye da biyan diyya suka taɓa gandu, wato noman da 'ya'ya da ƙanne ke yi tare a ƙarƙashin uba ko babban wa. Mutum na farko da na tunkara shi ne kawuna, wanda yana da ƙarfinsa lokacin da aka yi abin. Na same shi a zaure bayan la'asar yana gyaran igiyar guga. Na gaishe shi, na ce, "Kawu, karatu ne aka ɗora mana, ina so ku ba ni labarin gonakinku na da." Bai ɗago ba. Ya ce, "Ɗana, abin da Allah Ya hukunta ya riga ya wuce. Mi za ka yi da tonon wanga zance? A bar kaza cikin gashinta."

Wannan magana ta fi mini nauyi a kan duk tambayoyin da malamai suka yi mini ranar kare kundi, domin ta taɓa gindin ilimin da nake karantawa. Ilimin zamantakewa gaba ɗayansa a kan tambaya ɗaya ya tsaya: me ya jawo? Durkheim ya ɗauki kisan kai na mutum ga kansa, abin da kowa ke gani ciwon zuciyar mutum ɗaya ne, ya nuna a littafinsa na 1897 cewa yawansa na hawa da sauka gwargwadon ƙarfin zumunci da addini da aure a cikin al'umma. Haka aka koya mana mu duba talauci da sakin aure da ci-rani. To Musulmin da ya yi imani cewa ganye ba ya faɗuwa sai da sanin Allah, kuma an rubuta komai tun kafin a halicce shi, idan ya ɗauki biro yana tambayar me ya jawo, gardama yake yi da hukuncin Ubangiji?

Akwai amsoshi biyu masu sauƙi, kuma dukansu ban yarda da su ba. Ta farko ita ce ta wasu littattafan raya karkara, masu cewa manomi mutum ne da ya sallama wa ƙaddara, ba ya son canji, sai an wayar masa da kai. Ɗalibi kan kwaso wannan ya zuba a babi na biyu, bai lura iyayensa ake nufi ba. Tarihin Bakolori kansa ya ƙaryata ta. Mutanen da suka tare hanya wata da watanni, suka hana motocin kamfani wucewa, suka tsaya gaban bindiga, masallata ne masu imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Imanin bai hana su sanin haƙƙinsu ba, bai hana su nemansa ba. Ta biyu ita ce ta wasu 'yan'uwa masu kishin addini, da ke ganin bin diddigin dalilai raunin imani ne, ilimin Turawa ne da ya cire Allah daga lissafi. Ita ma ba ta da madogara a cikin littattafanmu.

A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai labarin Sayyadina Umar da ya nufi Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sargu, aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishawa, sannan ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma a cikin ƙaddara take, ya ba shi misalin makiyayi da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya busasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa da hukuncin Allah ya kai su, amma ba wanda zai ce zaɓin bai da amfani. Abin da ke jan hankalina a labarin nan shi ne Umar bai yanke hukunci ba sai da ya tara mutane rukuni rukuni ya tambaye su. Allah Ya hukunta abubuwa tare da sabubbansu. Wanda ya bi sababi yana karanta yadda Allah ke gudanar da halittarSa ne, kamar yadda likita ke karanta jini, manomi ke karanta hadari.

Kuma kawun nawa ya san haka fiye da ni. Bayan sallar isha'i, ba tare da na sake roƙo ba, ya aiko a kira ni. Ya zauna a kan buzu, ya fara zana gonar da yatsa a ƙasa: nan iyaka da gonar wane, nan rijiya, nan fadamar da suke shinkafa, nan tudun da suke gero da dawa. Ya faɗi ranar da masu awo suka zo, da sunan wa aka rubuta a takarda, da yadda aka rubuta sunan babban wansu shi kaɗai alhali gonar ta mutum huɗu ce ba a raba gado ba. Ya faɗi yadda kuɗin da aka samu bai kai abin da aka ambata ba, da yadda zargi ya shiga tsakanin 'yan'uwa, kowa ya ware tukunyarsa, ƙaramin cikinsu ya tafi ci-rani kudu bai dawo da zama ba. Babu sababi ko ɗaya da ya ɓace masa. A ƙarshe ya shafa zanen da tafin hannu ya ce, "Haka Allah Ya so."

A nan na gane cewa ƙaddara a bakinsa wurin ajiye kaya ce. Mutum ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa shekara da shekaru, in bai sami inda zai sauke ba zai haukace ko ya ƙulla gaba da ɗan'uwansa har kabari. Da wannan kalma ya iya zuwa jana'izar babban wan nasa, ya aurar da 'ya'yansa. Ɗalibin da ya ji ta ya rubuta cewa mutanen nan ba su san musabbabin halin da suke ciki ba, ya zalunce su, kuma ya ɓata bincikensa.

Sai dai kalmar tana canza hukunci idan ta canza baki. Malaman aƙida sun bambance: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta sami mutum, ba a kafa ta a kan laifin da mutum ya aikata. Manomin da ruwa ya ci gonarsa ya ce ƙaddara ce, haƙuri ya yi, yana da lada. Jami'in da ya rage kuɗin diyya, ko ya rubuta sunan wanda ba shi da gona, ko wanda ya ba da umarnin harbi, in ya ce ƙaddara ce, garkuwa ya yi da sunan Allah. Yau ma muna jin irin wannan duk lokacin da 'yan bindiga suka tashi gari: a zo jaje, a ce a ɗauki ƙaddara, a koma birni, ba wanda ya tambayi me ya sa aka kira waya tun dare ba a kawo ɗauki ba sai hantsi. Idan babu mai bin sababi, haƙurin talaka sai ya zama rufin asirin azzalumi. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin irin binciken nan yana da gurbi a addini.

Magabatanmu ba su ji kunyar wannan aiki ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya ga yadda ake mulkin talakawa da idonsa. A Kitabul Farƙi bai tsaya ga cewa zalunci ya yi yawa ba. Ya jera shi da sunayensa na Hausa, jangali da kuɗin gari da gaisuwa da kamuwa, ya faɗi wa ke karɓa, daga hannun wa. Tun kafin shi, Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377 yana kukan yadda masu tarihi ke kwasar labari ba su auna shi da yadda al'umma ke gudana ba, ya ce akwai ilimi mai zaman kansa na zaman tare da ɗan'adam. Alƙalin Malikiyya ne a Alƙahira, ya yi wannan magana ƙarni huɗu da rabi kafin a raɗa wa fannin suna a Faransa. Ya kamata ɗalibinmu ya san wannan, don kada ya shiga ƙauyensu yana jin kamar kayan aro ya ɗauko.

Amma ilimin yana da iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba zai yi girman kai. Bincike zai iya gaya maka dalilin da ya sa aka yi harbi a Birnin Tudu: alkawarin diyya da aka saɓa, kwangila mai tsada da kowace ranar tsaiko ke ƙara wa kuɗi, gwamnati sabuwa da ke ganin tare hanya raini ne. Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, da William Adams, da Dakta Yusufu Bala Usman duk sun yi rubutu a kan wannan. Adams ya nuna har yadda tare ruwan ya rage ambaliyar da fadamun ƙasa ke dogara da ita, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya a garuruwan da ba su ma ga madatsar ba. Abin da ba mai binciken da zai gaya maka shi ne me ya sa harsashi ya sami wannan ya bar wanda ke kafaɗa da shi. Sababi namu ne mu bi. Hikimar da ke bayansa ta Allah ce, kuma idan hira ta kawo nan, abin da ya dace da ɗalibi shi ne ya ajiye biro ya yi wa mamaci addu'a.

Wata tsohuwa, ƙawar kakata, ita ta nuna mini abin da takardar tambayoyina ba ta tanada ba. Ban shiga wurinta ni kaɗai ba, yayata ce ta yi mini jagora, muka zauna a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na tambaye ta girman gonar mijinta, ta ce wannan sai maza. Ita ɗorawa take tunawa. Akwai ɗorawa a gonar mahaifinta da aka bar mata ita da 'yan'uwanta mata, duk shekara su sauke, su daka gari, su dafa kalwa su yi daddawa, su kai kasuwar Mafara ranar Talata. Da kuɗin daddawa ta yi wa 'yarta ta fari tasoshi da tabarmi da gado. Ranar da katafila ta zo, ta ce, tana tsaye daga nesa da goyo, ta ga saiwar a sama. Ba wanda ya rubuta sunanta, domin a takarda mace ba ta da gona a wurin. 'Yarta ta biyu da bashi aka kai ta ɗaki. Na duba littattafan lissafin hekta da tan na shinkafa, ban ga inda aka sa wannan asara ba. In ban rubuta ba, ba ta faru ba a idon duk wanda zai zo daga baya.

Shi ya sa na ɗauki kundin digiri a matsayin shaida, da duk hukuncin da shaida ke da shi. Alƙur'ani ya hana ɓoye ta a ƙarshen Suratul Baƙara, Annabi (SAW) kuma ya sa shaidar zur cikin manyan zunubai. Kowa ya san abin da ke faruwa a jami'o'inmu idan lokacin miƙa kundi ya matso. Wani ya buga takardar tambayoyi ɗari, ya zauna a ɗaki da abokansa su cike da biro kala kala. Wani ya je shagon kwamfuta ya sayi tsohon aikin da aka yi a wata jiha, a canza sunan gari. Ana kiran wannan dabara, ana ɗora laifin a kan rashin kuɗin mota da rashin tsaro, kuma rashin kuɗin da rashin tsaron gaskiya ne. Amma wanda ya rubuta cewa kashi kaza na manoman Bakura sun ce kaza, alhali bai tambayi kowa ba, ya sa magana a bakin mutanen da ba su yi ta ba. Kundin zai hau kanta a laburare, wani ya ɗauko ya kafa hujja da shi, ƙaryar ta haihu. In hanya ba ta biyuwa, gara ka rage batun, ka yi hira da mutum goma da suka yi gudun hijira zuwa Mafara ko Gusau, ka faɗi gaskiya cewa goma ne.

Shaida kuma ba ta halatta tonon asiri. Suratul Hujurati da ta umarce mu da tantance labari, ita ce ta hana bin diddigin sirrin mutane da cin namansu a bayan ido. Imamu Nawawi ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum ke halatta, ciki har da kai ƙarar zalunci da neman a gusar da ɓarna, amma neman maki ba ya ciki. Kawuna ya ambaci sunan wansa da abin da ya yi; a kundina babu sunan, babu unguwar, babu abin da jikokinsa za su gane. Abin da al'umma ke buƙata shi ne ta san rubuta suna ɗaya a kan gonar gado yana raba gida, ba ta buƙatar sanin gidan wa. A Zamfara ta yau wannan ya wuce ladabi, ya zama maganar rai. Baƙon da ke yawo da takarda yana tambaya, kafin ya kai ƙarshen layi an fara raɗa cewa infoma ne. Mutumin da ya gaya maka nawa garinsu ya biya 'yan bindiga kafin a bar su su yi girbi, ya sa wuyansa a hannunka. Sai ka fara da mai gari da liman, ka bayyana ko kai ɗan wane ne, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, kuma ka goge muryar idan ka gama kwafewa. Ka kuma faɗa tun farko cewa ba tallafi ka kawo ba, domin mutanenmu sun saba duk mai rubuta suna taki ko shinkafa ke biye da shi, kuma barin su da wannan zato don su saki baki yaudara ce.

Wasu za su ce kundin digirin farko bai kai a ɗora masa wannan nauyi ba, shafi sittin ne da ƙura za ta rufe. Ban yarda ba. Littafin Baba ta Karo, da ya fito a 1954, hira ce da tsohuwa ɗaya da Mary Smith ta zauna ta saurara, kuma har yau da shi ake sanin rayuwar matan Hausa kafin zuwan Turawa da bayansa. Polly Hill ƙauye ɗaya ta zauna, Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafinta a 1972. Su baƙi ne. Mu harshenmu ne, iyayenmu ne, ƙofar da za a rufe wa baƙo a buɗe take gare mu.

Wanda yake da shekara 20 a 1980 yanzu ya haura 60. Da yawa sun rasu, wasu rashin tsaro ya watsa su garuruwan da ba mai tambayarsu komai. An yi gyaran kanal na Bakolori da kuɗin Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin TRIMING, an sake zancen rabon ruwa da ƙungiyoyin manoma, kuma tambayoyin da ba a amsa ba a 1980 suna nan: sunan wa ke takarda, wa ke noma, wa ke cin amfani. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai 'yan Maradun da Bakura da Mafara, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Zariya da Kano: idan aka ce ku kawo batu, ku dubi gida. Ku je da ladabi, ku zauna a ƙasa, ku bar dattijo ya gama cewa haka Allah Ya so, sannan ku roƙe shi ya faɗa muku yadda aka yi. In kun gama, ku koma ku karanta musu abin da kuka rubuta da Hausa, su ce an faɗi daidai ko ba a faɗa ba.